Ki Juya Takardar, Bilkisu

Kwarbai, Birnin Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata Bilkisu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a kwanciyarki da tashinki, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da kowa sai Shi.

Mutanen gida duk suna gaishe ki. Babanki lafiyarsa ƙalau, sai gwiwar nan tasa da ke tashi idan ya daɗe a tsaye a shagon kafinta. Yayanki Babangida da matarsa suna lafiya, 'yarsu ta yi zazzaɓi amma ta miƙe, har ta koma ɓarnarta. Gwaggonki Ladidi ce ba ta jin daɗi sosai, idon nata ya ƙara yin hazo, yanzu sai an zura mata zare a allura. Kawunki Sale lafiya lau, ya zo shekaranjiya ya cinye mana ɗumame. Ni ma da sauƙi. Ina shan maganin hawan jinin yadda aka ce, sai dai tun ranar da muka yi waya hankalina yana wurinki.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba na iya faɗa miki abin da ke raina. Kina kuka ina kuka, kafin in haɗa magana ɗaya an yanke. A takarda kuwa ba mai katse ni. Zan ba Ɗanladi direba ya kawo miki, tunda yana bi ta garinku da kaya.

Ga abin da na fahimta daga maganarki, idan na yi kuskure ki gyara mini. A ajinku na zanen gine-gine ana ba ku hoton wani abu mai kusurwoyi, a ce ku zana yadda zai kasance idan an dube shi ta sama, ko ta gefe, ko ta baya. Wani lokaci a nuna muku siffa ɗaya, a jera wasu da aka karkata su, a ce ku nuna wacce ce ita. Kin ce 'yan ajinku suna kallo sau ɗaya su hau zane, ke kuwa kina zaune har a karɓi takarda, abin ya ƙi juyawa a kanki. Kin ce wani a cikinsu ya ce dama wannan ba aikin kan mata ba ne. Sannan kika ce mini, "Umma, ba ni da kan abin nan, gara in dawo gida."

Babanki yana kusa ya ji. Kin san shi a kanki. Ya ce 'yarsa ba za ta zauna a garin mutane tana kuka ba, ranar Asabar ta sama zai shiga mota ya je ya taho da ke, har ya fara yi wa wani abokinsa maganar a sama miki wani karatun a nan gida. Ni ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce ya bari in rubuta miki tukuna.

Kafin komai, ina so ki san cewa ina alfahari da ke. Ranar da sunanki ya fito cikin waɗanda makarantar ta ɗauka, sai da na zaga gidajen layinmu ina faɗa, har gwaggonki ta ce in zauna kada in faɗi a lungu. A islamiyya idan mata suka tambaye ni me kike karantawa, nakan gyara zama kafin in amsa. Na ce musu 'yata ce za ta riƙa zana gida tun kafin a haƙa harsashinsa. Babu wanda ya roƙa miki wurin nan, da hannunki kika samo shi. Ko kin dawo ko kin zauna, wannan ba zai goge ba.

To amma abin da ke damunki, na san shi tun kafin a haife ki, domin kaina kika ɗauko, ba na babanki ba. Ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki ba, don ban zaci zai tare miki hanya a makaranta ba. Bari in faɗa miki yanzu.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga gidanmu na wajen Ƙofar Kuyambana, na san gabas sarai a ɗakin mahaifiyata. Amma kin san yadda ake shigowa gidanmu: ki bar titi ki shiga lungu, lungun ya karya dama, ki shiga zaure ki fita ta hagu, ki ratsa soro na biyu ki sake karyawa, sannan tsakar gida. Kafin in iso ɗakina gabas ta ɓace mini. Damina ce kuma, rana ba ta cika fitowa ba, ni kuma amarya, ba na leƙa waje da sassafe. Da lokacin salla ya yi sai na shimfiɗa darduma ta fuskanci bangon da ke hannun daman ƙofa, saboda a ɗakinmu na gida can alƙibla take. Ban tambayi kowa ba. Kunya nake ji a ce amarya ba ta san gabas ba.

Na ɗauki kwanaki a haka, sai ranar da marigayiya kakarki ta shigo da la'asar ta same ni a raka'ar ƙarshe. Ta tsaya har na sallame, sannan ta ce, "'Yar nan, Kaduna kike wa salla?" Na rasa inda zan sa kaina. Ita kuwa dariya ta yi, ta ɗauko gawayi ta yi ɗan ɗigo a bangon gabas, ƙasa-ƙasa inda baƙo ba zai lura ba. Ta ce, "Ga shi nan. In an yi shafe ki sake ɗiga wani." Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ba wa kowa labarin ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, rashin sanin gabas bai jawo mini komai ba, shirun da na yi ne ya sa na rama salloli. Da na buɗe baki ranar farko, da an nuna mini cikin ƙiftawar ido. Ke ma na san halinki, kin fi son ki haɗiye abu har ya zame miki ciwo. Ki sami malamin da ke koya muku darasin nan, ki gaishe shi da ladabi, ki ce masa, "Malam, ni abin ba ya juya mini a kai, ta ina zan fara?" Ba ke ce ta farko da zai gani ba. Ki tafi da wata 'yar ajinku, kada ki je ke kaɗai.

Na biyu shi ne maganar ɗinki, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Gwaggonki Ladidi ce ta koya mini. Ke kin san ta da tsufa, ba ki ga lokacin da idonta ke da kyau ba. Mace za ta shigo da atamfa, gwaggonki ta dube ta sama da ƙasa, ta shimfiɗa atamfar a tabarma, ta ninka, ta sa almakashi. Ba alli, ba takarda. Kuma idan aka haɗa rigar, kowane fure yana kallon sama, gaba da baya da hannuwa. Nakan tambaye ta yaya take yi, sai ta ce, "Ke ba kya ganin rigar a ciki? Ga ta nan kwance."

Ni ba na ganin komai sai atamfa. Amma da yake ta faɗa kamar abu ne da kowa ke gani, sai na riƙa gyaɗa kai.

Da na fara karɓar ɗinki da kaina, aka kawo mini ankon wani biki a Tukur-Tukur, atamfa mai hoton tsuntsaye. Na ce bari in yi yadda gwaggonki ke yi. Na ninka, na yanka. Da na zo haɗawa sai ga hannuwa biyu duk na dama, tsuntsayen baya kuma kansu a ƙasa. Atamfar anko ce, ta ƙare a kasuwa. Mai rigar ta zo ta ɗaga ta, ta juya ta, ta ce, "Maman Babangida, waɗannan tsuntsayen harbo su aka yi?" Matan da suka rako ta suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi dariya ba, domin ita kaɗai ta je bikin ba anko.

A ranar na lulluɓe keken ɗinkina da tsohon zane, na ce ba ni da kan ɗinki. Kalmar da kika faɗa mini a waya, ita na faɗa, sunan aikin kawai kika canza. Keken nan ya zauna a lulluɓe tun Babangida yana rarrafe har aka yaye wadda kike bi. Shekarun nan sun tafi, ba wanda zai dawo mini da su. Ba wanda ya hana ni, ni na yanke wa kaina hukunci a ranar da raina yake ɓace.

Abin da ya dawo da ni ba wani babban abu ba ne. Babanki ya kawo siminti za a yi daɓe, takardun buhunan suna yashe a tsakar gida. Na ɗauki wata tsohuwar rigata na farke ta gaba ɗaya, na ɗora kowane yanki a kan takarda na zagaye shi da gawayi, na yanke. A lokacin ban iya rubutu ba, don haka hannun dama na ɗiga masa ɗigo ɗaya, na hagu biyu, na ja kibiya mai nuna sama a kowanne. Idan zan yi yanka sai in jera takardun a kan atamfa, in zagaya tabarmar da ƙafata, in tsaya ta inda wuya yake in duba, in koma ta ƙasa in duba. Abin da gwaggonki ke juyawa a kanta tana zaune, ni sai na tashi na zagaya shi. Takan zolaye ni ta ce, "Ga mai ɗawafi ta fara." Na fi ta daɗewa a kan kowace riga, wannan gaskiya ne. Amma tun daga ranar ban sake kifar da tsuntsun kowa ba, kuma da keken nan aka yi hidimar makarantarku.

Saboda haka, Bilkisu, kada ki yanke hukuncin barin karatu a makon da aka dawo miki da takarda mai jan biro. Kuma kada ki ji kunyar yin aiki da hannunki a inda wasu ke yi da ka. Wanda zai shiga gidan da kika zana ba zai tambaya ko kin juya takarda kafin ki zana ba.

Wani abin mamaki, duk wannan lokacin ban san cewa mutane sun bambanta a nan ba. Na ɗauka kowa irina ne, sai dai wasu sun fi ni ƙoƙari. Sai wata rana da hantsi, kina firamare, babanki yana zaune a tsakar gida yana kallon wasu katakai da zai haɗa kujera. Ya daɗe bai taɓa su ba, sai kai yake karkatawa. Na ce, "Malam, aikin ne ko hutu?"

Ya ce, "Ina juya ta ne in ga ta ƙasa."

Na ce, "Wacce? Ai ba a haɗa ba."

Ya ce, "A kaina mana."

Na ajiye tsintsiya. Na ce, "Tsakani da Allah, gani kake yi, ko dai magana ce?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana da hanci. Ya nuna butar alwala ya ce, "Rufe idonki. Kin ga butar?" Na ce na gan ta. Ya ce, "To juya bakinta ya kalli ƙofa." Na yi ƙoƙari. Butar tana nan yadda na gan ta, bakinta na kallon rijiya. Da na matsa mata sai ta ɓace ɗungurungum, kamar an ɗauke wuta. Na faɗa masa. Ya ce, "A'a, sake dai." Na sake, haka. Sai ya ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina ce miki ki duba ki gani, ashe ba taurin kai kike yi mini ba." Na ce, "Ni kuma na ɗauka fariya kake yi mini." Muka yi ta dariya har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Na ba ki wannan labarin ne don ki san 'yan ajinku da ke gamawa da wuri ba ƙarya suke ba, kuma ba wai sun fi ki karatu ba ne. Allah ya ba su abin a sauƙaƙe, kamar yadda ya ba wani murya ya hana wani. Kada ki yi musu hassada. Kada kuma ki yi fushi idan kin tambaye su sun kasa yi miki bayani, su ce "ai ga shi nan." Babanki har yau bai iya koya wa kowa wannan ba, domin bai taɓa koyonsa ba. Ki nemi wanda ya sha wuya kafin ya iya, shi ne zai san inda kike maƙalewa.

Shi kuma mai cewa ba aikin kan mata ba ne, ban san shi ba, ba zan zage shi ba, ɗan wani ne. Amma da zai zo gidan nan da na haɗa shi da gwaggonki, mace, wadda ke ganin riga a cikin atamfar da ba a yanka ba. Sannan in haɗa shi da kawunki Sale, namiji mai gemu, wanda idan ya buɗe taswira a waya sai ya riƙa juya wayar yana juya jikinsa a tsakiyar titi har masu babur su fara yi masa hon. Ranar sunan 'yar Babangida, an kwatanta masa gidan surukai, ya bi kwatancen daidai ya je. Da zai dawo sai ya kasa juya hanyar, ya ɓulla bayan ganuwa, aka tura a nemo shi. A gidanmu dai abin bai bi mace ko namiji ba. Ni da Sale uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kanmu ɗaya. Kada ki tsaya musu da yaron nan, ba shi zai ba ki maki ba.

Saura labarin karatuna, wanda kina ciki amma ba ki san rabinsa ba. Kin tuna lokacin da kike dawowa daga firamare ki baje littafi a tabarma, ni kuma in zauna a gabanki ina tsince shinkafa? Ke kina ɗauka tsare ki nake don kada ki gudu wasa. Koyo nake. Kina nuna harafi da yatsa kina faɗa da ƙarfi, ni ina haddacewa daga inda nake zaune. Ban gaya wa kowa ba. A hankali har na fara haɗa ƙananan kalmomi, ina murna a raina.

Da aka buɗe ajin manya na shiga, na zauna a gaba don ina ganin na riga kowa. Malama ta miƙo mini littafi ta ce in gwada. Na duba, ban gane ko ɗaya ba. Haruffan da na sani duk sun zama baƙi. Can na juya littafin, kansa ya koma ƙasa, sai ga su sun dawo, na karanta layin farko tsaf. Malama ta riƙe baki ta ce, "Hajiya, wa ya koya miki karatu a kife?" Na ce, "'Yata ce, amma ba ta sani ba."

Ashe duk zaman da na yi a gabanki, ta kai nake ganin littafin. Wata a ajin, da aka juya mata nata don a gwada, ta karanta ta kowace fuska ba wahala. Ni kuwa sai da na sake koyon kowane harafi daga farko, kamar ban taɓa ganinsa ba. Na ji haushi ƙwarai, na kusa daina zuwa. Abin da ya hana ni, na tuna keken da na lulluɓe, na ce ba zan yi sau biyu ba.

Ga abin da nake so ki ji da kyau. Malamar ta sa na yanka haruffa da kwali, in riƙe a hannu, in juya a hankali ina kallo har ya kife, in dawo da shi. Kullum haka. Bayan wani lokaci sai na lura kafin hannuna ya gama juyawa na riga na san yadda zai koma. Yanzu ina karatu ta daidai, ina yi a kife, kuma hannun riga mai sauƙi ina yanka shi ba takarda. Ko butar nan, idan na rufe ido, takan ɗan motsa mini kafin ta ɓace. Ban kai babanki ba, ba kuma zan kai shi ba. Amma abin yana ƙaruwa idan ana yi, na gani a kaina, kuma na fara ne da furfura. Ke da kike da ƙuruciya da malamai, ban san iyakar inda za ki kai ba.

Kada kuma ki manta da abin da kike da shi. Ranar jeren matar Babangida, da aka kawo sif ɗin nan mai ƙofa uku, babanki ya dube ta ya dubi zaure ya ce a kwantar da ita a karkata, za ta shige. Ke kina riƙe da tef ɗin awona, kika ce a hankali, "Baba, soro na biyu ba za ta wuce ba." Ya ce, "Uwata, ni da na haɗa ƙofar soron?" Aka ɗauka. Ta wuce zaure kamar yadda ya ce, ta je soro na biyu ta cije. Shi soron yadda ya san shi a da yake juyawa a kansa, ya manta an yi ciko an ɗaga ƙasan bayan ruwan da ya shigo mana. Ke kuwa ba ki yarda da kanki ba, don haka kika je kika auna. Sai da aka kwance sif ɗin aka shigar da ita gunduwa-gunduwa. Har yau idan ya ba da labarin yakan ce, "Ni na gani, ita ta auna," kuma da jin daɗi yake faɗa. Mai zana gidan da mutane za su kwana a ciki, ina ganin wannan halin naki ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

A cikin ƙullin da Ɗanladi zai ba ki akwai ƙuli-ƙuli da yaji da man shanu. Akwai kuma sandunan sabulun wanki da reza da kwalaye da na yanka miki. Sabulun ba na wanki ba ne. Duk siffar da aka ba ku, ki sassaƙa ta da sabulu, ki ɗora a tebur, ki leƙa ta sama ki zana, ki durƙusa ki duba ta gefe ki zana. Kafin ki juya ta, ki fara cewa a ranki ga yadda za ta koma, sannan ki juya ki ga ko kin yi daidai. Ki riƙa yi kullum ko kaɗan ne, ba sai jarrabawa ta matso ba. A cikin aji kuma, idan ba a hana ba, ki juya takardar. Ki karkata kanki, ki yi amfani da yatsunki, ki ɗaga abin goge fensir ki juya shi a gaban idonki. In sun yi dariya su yi. Ki yi hankali da rezar, kin san hannunki da rawa idan kina sauri.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina son ki dawo. Ɗakinki ya yi shiru, kuma duk abincin da na zuba sai na tuna ko kin ci. Idan na bi son raina, da kaina zan raka babanki tasha. Shi ya sa nake tsoron kaina a maganar nan, nake tsoron tausayin babanki. Idan kin duba zuciyarki kin ga zanen gidan ne ba kya so, ya fita ranki, to ki faɗa, ki dawo da kanki a sama, ba wanda zai yi miki gori ina raye. Amma idan har yanzu kina tsayawa a gaban ginin mutane kina kallo har a yi miki magana, kuma wannan darasin ɗaya ne ya tsorata ki, to ki ba shi zangon nan gaba ɗaya da sabulu da kwali, sannan mu sake magana.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci ko ba kya jin yunwa. Ki kula da waɗanda kike zama da su, kada ki bi kowa zuwa inda ba ki sani ba. Idan za ki fita ki yi addu'ar da na koya miki.

Ɗanladi zai juyo ranar Laraba, ya kwana a hanya ya iso Alhamis. Ki ba shi amsa a rubuce, ba a waya ba, domin a waya muryarki kawai babanki zai ji ya tashi neman takalmi. Ki rubuta abin da kika yanke da dalilinki, yadda zan karanta masa a tsanake bayan ya ci abinci. Na roƙe shi ya dakata har Alhamis ɗin, ya amince. Idan takardarki ba ta zo ba, ranar Asabar zai kama hanya, kuma ba ni da abin da zan riƙe shi da shi.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki abin da ya rufe, ya zaɓa miki mafi alheri a cikin biyun, ya kare ki daga dukkan abin ƙi har ranar da za mu gana. Ina jiran Alhamis.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Umma